Goggo, kajina sun daina ƙwai, maigida ya ce a kai su kasuwa

Assalamu alaikum Goggo. Daga Argungu nake rubuto miki. Ina da kaji sha ɗaya a bayan ɗaki, takwas na gida, uku kuma jajayen nan na zamani da na saya bara suna dab da fara ƙwai, sai zakara guda. Da kuɗin ƙwansu nake ba yara kuɗin tara, in sayi sabulu da gishiri. Tun da aka yi girbi abu ya lalace. Uku cikin na gidan sun lafe a gurbi, ko an kwashe ƙwan suna nan kwance a kan ƙasa, in kin kai hannu su sare ki. Biyu cikin jajayen kuma gashinsu sai zuba yake, wuya ya zama fili, kamar an fara figa an fasa. Na zuba musu kafso a ruwa har sau biyu, ba canji. Uwar mijina ta ce in tsoma masu kwancin a ruwan sanyi, in soka musu gashi a hanci. Maigida ya ce ciwo ne, in sayar da su duka kafin su mutu a hannuna. Ga kajin facalata suna shiga gurbin nawa suna zuba ƙwai, har mun fara 'yar tsama. Yaya zan yi?

Ɗiyarki daga Argungu

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin komai, ɗauke kafson nan ki ajiye. Yadda kika kwatanta kajin nan biyar, babu mai ciwo a cikinsu. Uku na son zama uwaye, biyu na sauya riga. Kafso maganin ƙwayoyin cuta ne, ba ya tayar da kaza daga kwanci, ba ya tsirar da gashi. Abin da yake yi kawai shi ne ya bi jikin kazar ya shiga cikin ƙwai, ƙwan kuma ya shiga cikin yaranki da na maƙwabtan da ke saye a wurinki.

Amma kada ki yi wa maigida dariya. Tsoronsa yana da tushe, duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da hunturu ke yi wa kaji. Lokacin ne cutar nan ta Niyukasal ke bin gari gida-gida ta share akurki cikin mako guda. Ki kira shi ku tsaya a kansu tare. Mai wannan ciwon takan tsaya jugum, fukafukai a ƙasa, ido a lumshe, tana kashi ruwa-ruwa kore, tana numfashi da baki a buɗe, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Kuma ba ta yin sati uku a haka, kwana kaɗan sai ki ga gawa, gobe ki ga wata. Kazar da ke da ƙarfin sarar hannunki har ki janye, lafiyarta ƙalau. Ta mai zubar gashi kuwa, ki watsa tsaba ki gani, ita za ta riga kowa zuwa. In kuma kin taɓa ganin waɗancan alamomin, ko kaji suka fara faɗuwa biyu-biyu, to ba maganar kasuwa ba ce, ki kira malamin dabbobi, kada a ci, kada a sayar.

Kuɗin da za ki ƙara sa wa a kafso, ki kai shi wajen rigakafi. Akwai wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, ana ce masa I-2, ɗigo ɗaya a ido, kuma ya fi sauran jure zafin ƙasarmu. Ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu, kuma masu lafiya ake yi wa, ba waɗanda suka riga suka kamu ba. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka ki tambaya a ofishin dabbobi na garinku, ku haɗa kuɗi da facalarki da maƙwabta. Kajinki ba su da katanga tsakaninsu da nata.

Sayarwa kuwa, ba ranar da ta fi yau muni. Ki kai kaza mai wuya a fili kasuwar Argungu, dillali zai ɗaga ta da yatsa biyu yana yamutsa fuska, ya taya ta kuɗin tsako. Ya kai gida ya ba ta dusa wata biyu, ta dawo fes, ya ci ribar wahalarki.

To, mu zo kan masu kwanci, don nan ne aikin yake.

Kazar gida in ta zuba ƙwai goma zuwa sha biyar, jikinta kan saki wani sinadari, masana na ce masa furolaktin, shi ne dai ke kawo wa mai jego ruwan nono. Da ya hau, ƙwai ya tsaya cak. Ta fige gashin ƙirjinta da kanta don fatarta ta taɓa ƙwan, cikinta ya ɗauki zafi, ta kumbura tana gurnani in an matso. Sau ɗaya take fita a yini, ta yi kashi babba mai wari, ta ci, ta sha, ta yi birgima, ta koma da gudu. Ba ta san lissafi ba. Ko ƙwai goma ne a ƙarƙashinta, ko dutse, ko ƙasa tsura, duk ɗaya ne a wurinta. Abin da ke gaya mata aiki ya ƙare shi ne kukan 'yan tsaki. In bai zo ba, sai ta zarce sati biyar, sati shida, tana ramewa, zankonta ya koɗe, ƙuma su same ta a kwance su yi gida a jikinta.

Kuskuren da kike kai ke nan, kuma kusan kowa na yin sa: kina kwashe ƙwan, kina barin kazar a gurbi. Ba ki samu ƙwai ba, ba ki samu tsaki ba, kaza na ƙarewa. Kowace ɗaya cikin ukun nan ki yanke mata hukunci a daren yau. Ko a ba ta ƙwai ta ƙyanƙyashe, ko a tashe ta gaba ɗaya. Tsakiyar nan ita ce asara.

Ki yi lissafin da kanki. Sati biyu zuwa uku tana zuba ƙwai, kwana 21 tana kwanci, sannan wata biyu ko fiye tana yawo da 'ya'ya. Zagaye ɗaya ya cinye fiye da wata uku. Shi ya sa kazar gida da aka bari da halinta ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, alhali jajayen nan, da aka cire wa irinsu son kwanci, sukan doshi 300 a shekararsu ta farko in sun samu abinci. Ke da ƙwai ne kuɗin tarar yaranki, ba za ki bar kaji uku su tafi hutun wata uku lokaci guda ba. In ni ce, biyu zan ba ƙwai a dare ɗaya, in tashi ta ukun. Dalilin biyun zai zo.

Wadda za a tasa, ki zaɓi wadda ta fi ramewa ko wadda ta fi daɗewa a kwance. Dabarar duka ita ce cikinta ya huce, ta kuma rasa wurin lafewa. In kina da keji mai ƙasan waya, ki ɗora shi kan bulo huɗu yadda iska za ta bi ta ƙasa. In babu, kwando mai manyan idanu ya isa, a rataye shi ko a ɗora kan duwatsu, a rufe samansa. Kada ki shimfiɗa komai a ciki, ko tsumma. A ajiye a inuwa mai haske inda take ganin sauran kaji, da ruwa da abinci a gabanta, dare da rana. Bayan kwana uku ki sake ta. In ta shiga cikin 'yan uwanta tana tono, an gama. In ta miƙe sai gurbi, ki mayar da ita kwana biyu ko uku. Daga nan sati ɗaya zuwa biyu ƙwai ke dawowa, mai taurin kai ta kai uku. Wadda aka kama tun kwana na farko ko na biyu ta fi saurin saki, don haka nan gaba duk kazar da kika ga ta kwana a gurbi maimakon kan sanda, kin san abin da ke tafe.

Maganar Inna, uwar mijinki, ta tsomawa a ruwa, ba banza ta faɗa ba. Iyayenmu sun gane cewa zafin ciki ne ke riƙe kaza a gurbi, ruwa kuma na sanyaya shi. A bazara, ranar da Argungu ke tafasa, in an jiƙa ƙirjin kaza da rana ba abin da zai same ta. Amma yanzu iskar hunturu ta fara kaɗawa, kaza ramammiya a jiƙe za ta iya kwana ta tashi da ciwon gaske. Gashi a hanci kuwa azaba ce kawai. Kazar kan bar gurbi don zafin da take ji, ba don kwancin ya sake ta ba, kuma hancin kan yi rauni. Ba sai kin ce wa Inna ta yi kuskure ba. Ki ce, "Inna, sanyi ya shigo, bari in sa ta a kwando ta sha iska." Manufarku ɗaya. Ni na tabbata ma in kika roƙe ta ta zaɓa miki ƙwan da za a sa wa sauran biyun, za ta manta da zancen hanci, don tsofaffi sun fi mu ido a wannan.

Masu ƙyanƙyasa kuma, ki raba su da inda sauran kaji ke zuba ƙwai. Nan ne maganin rigimarki da facalarki. Kaza in ta ga wata a kwance, sai ta hau kanta ta zuba nata a wurin, ba ruwanta da ta wane ɗaki ce. Sai ƙwai ya yi yawa, na gefe ya huce, wani ya fashe, sabon da aka zuba yau kuma ba zai ƙyanƙyashe tare da na sati ɗaya da ya wuce ba. Uwar za ta tashi da waɗanda suka fara fita, ta bar sauran su mutu a ɓawo. Ki samu lungu mai duhu-duhu da za a iya karewa, ki sa tsohon kasko ko kwano mai faɗi, rairayi a ƙasa, a barbaɗa toka, a ɗora busasshiyar ciyawa da ɗan ganyen dogon yaro. Da dare ake ɗauke kaza zuwa sabon gurbi, da rana ba za ta yarda ba. Ki ba ta yini guda a kan ƙwai biyu na gwaji, in ta zauna, sannan ki sa na gaske.

Ƙwai takwas zuwa goma ya ishi ƙaramar kazar gida, musamman da sanyi. In kin hango ƙwai yana leƙowa ta gefen fiffike, ya yi yawa. A zaɓi wanda bai wuce kwana bakwai da zubawa ba, mai tsafta, marar tsaga, ba ƙato ba, ba ƙanƙane ba. Kada a wanke shi, akwai wani ɗan rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa na tafiya da shi. Duk a sa su a lokaci ɗaya, kowanne ki yi masa alama da fensir ko gawayi. Wanda kika tarar ba alama, baƙo ne, ki cire. In ta ukun cikin jajayenki tana kan zubawa, ki sa nata uku ko huɗu a ciki. Ita ba za ta taɓa kwanta musu ba, amma zakaranki na bin ta, kuma 'ya'yan sukan fi na gida zalla yawan ƙwai.

Na taɓa barin kaza a kan ƙwai sha huɗu don kwaɗayi, ban duba ba har kwana ashirin. Baragurbi ɗaya ya fashe a ƙarƙashinta, warin ya kore mu daga tsakar gida, ya ɓata sauran, tsaki uku na samu. Tun daga ranar nake haskawa. A dare na bakwai zuwa na goma, ki ɗauki ƙwai ɗaya-ɗaya, ki kafa fitilar waya a ƙarshensa mai faɗi cikin duhu. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo da ɗan duhu a tsakiya. Wanda ya fito garau kamar ranar da aka zuba shi, ko mai zoben jini a zagaye, ki fitar. Juya ƙwai ba aikinki ba ne, ita ke yi da bakinta. Naki shi ne ruwa da tsaba kusa da ita, amma ba a bakin gurbi ba, don dole ta tashi ta miƙe ƙafa. In kwana biyu ba ki ga kashinta ba, ki ɗaga ta a hankali ki ajiye a waje. Iskar hunturu na busar da ƙwai har tsako ya manne a ɓawo, saboda haka a satin ƙarshe ki riƙa ɗan yayyafa ruwa a ƙasan da ke kewaye da kaskon, ba a kan ƙwan ba. Kwana ukun ƙarshe ki ɗauke hannunki gaba ɗaya. Kada ki ɓare wa tsako ɓawo don tausayi, kuma kada ki damu in bai ci komai ba ranar farko, gwaiduwar da ya shanye kafin ya fito tana riƙe shi har kwana biyu. Abin da bai fashe ba zuwa kwana 23, a binne.

Dalilin sa biyu a dare ɗaya: in sun ƙyanƙyashe tare, sai ki tattara 'yan tsakin duka ki tura ƙarƙashin wadda ta fi iya reno, da dare, tun suna kwana ɗaya ko biyu. In ba su wuce sha biyar ba za ta rufe su. Ɗayar ta wuce kwando ta huce, ta koma ƙwai. Uwar kuma ki tsare ta da 'ya'yanta sati huɗu zuwa shida, don yanzu gonaki sun zama fili, ba ciyawar ɓuya, shirwa na ganin tsako tun daga sama. Kaskon ruwansu a zuba tsakuwa kada su nutse.

In damina ta zo kuma kaji suka sake damun ki da kwanci, ki nemi ƙwan zabi. Lokacin ne zabi ke zubawa, kaza kuma ta fi zabuwa haƙurin reno. Nasu kwana 26 zuwa 28 ne, don haka ba a haɗa shi da na kaza a rana ɗaya.

Jajayen da suka tuɓe, nasu mai sauƙi ne. Kaza in ta kai wajen shekara ɗaya da rabi, ta yi ta zuba ƙwai ba hutu, takan tsaya ta sauya gashi. Daga kai yake farawa, ya sauko wuya, ƙirji, baya, sannan fukafukai da jela. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Za ki ji masu kiwo a Turai da Amurka na cewa gajartar rana ce ke kawo shi, har suna kunna wa kaji ƙwan lantarki. Gaskiya ne a can. A nan Kebbi bambancin ranar da ta fi tsawo da wadda ta fi gajarta bai kai awa biyu ba, don haka abin da ya fi tayar da shi a wurinmu shekaru ne, ko yunwa, ko yini guda ba ruwa, ko fitowa daga kwanci. Kada ki yi mamaki in masu kwancin nan ma suka zubar da nasu daga baya.

Ki dai tabbatar sauyin riga ne. Ki kama ɗaya da dare, ki haska wuya da ƙarƙashin fiffike da gindin jela. In kin ga sababbin gashi na tsirowa kamar ƙananan tsinke, fata kuma sumul, shi ke nan. In kin ga ƙwari na gudu, ko farin abu ya dunƙule a gindin gashi, kwarkwata ce. In baya ne kaɗai da ƙeya suka kwaile, aikin zakara ne, a raba su na ɗan lokaci. Maganin ƙwari na farko toka da rairayi ne a wuri busasshe su yi birgima, a share akurki, a ƙone tsohuwar ciyawar gurbi. Ƙuma da ke manne a fuska da zanko, a shafa musu basilin su shaƙe. Fiya-fiya da maganin feshin gona kada su kusanci jikin kaza. In abin ya fi ƙarfin toka, akwai hodar da aka yi don kaji a shagon maganin dabbobi.

Gashi kusan dukansa furotin ne, abin da ƙwai ma ke buƙata ke nan, kuma jiki ba ya iya biyan bashi biyu lokaci guda. Dawa da masara da gero furotin ɗinsu bai wuce kashi 9 zuwa 12 cikin ɗari ba, mai sauya gashi kuma tana son wajen 18 zuwa 20. Dusar shinkafa da ta cika muku gari, in ta ƙananan injina ce, yawanci a haɗe take da ɓuntu, shi kuwa cika ciki kawai yake. Ki haɗa awo huɗu na tsakin dawa ko masara da awo ɗaya na tunkuza busasshiya ko waken suya. Waken sai an soya shi kafin a niƙa, ɗanye yana hana narkewar abinci. Tunkuza ko gyaɗar da ta yi funfuna guba ce, a zubar. Ku da kuke bakin gulbi, burbushin busasshen kifi da ke taruwa a gindin kwandon masu sayarwa ya fi komai, ki barbaɗa musu cikin tafin hannu kullum, in dai kin amince ba a fesa wa kifin magani ba. Ita ma gara abincin kaji ce, kuma kyauta ce: ki cusa busasshen kashin shanu da karan dawa a tsohuwar tukunya, ki ɗan jiƙa, ki kife a inda gara ke bi, da safe ki juye musu. Ɓawon ƙwai a gasa, a daka, a ajiye a kasko daban, mai buƙata za ta ci.

Ban da abinci, ki ƙyale su. Sabon gashi yana da jini a gindinsa, kamu na yi musu zafi, in ya karye kuma sauran kaji su bi jinin da sara. Ki hana yara bin su, ki toshe ɓangaren akurkin da iska ke shigowa da buhu ko zana. Wadda ta zube lokaci guda ta fi kowa muni, ita ce za ta riga dawowa, kuma yawanci ita ce gwanar ƙwai. In sun dawo ƙwan zai ɗan ragu a kan na bara, amma zai fi girma. Ranar da zanko ya sake yin ja, kika sa yatsu a tsakanin ƙasusuwa biyun nan na kusa da mafitar ƙwai kika ji biyu ko uku sun shige, ki shirya kwano. Wadda ta cika gashi, ta yi wata guda yatsa ɗaya ne ke shiga, ita ce ta maigida, ya kai kasuwa ko a yi miya.

Facalarki kuma, ki ƙara gurbi biyu ko uku a inda kajin ke taruwa, ɗaya ga kowace kaza huɗu, ku riƙa kwashewa safe da la'asar, a gaban juna in ya yiwu. In tana da ƙwai masu kyau, ki karɓi huɗu ki sa wa masu kwancinki, ki yi wa nata alama daban, tsakin da ya fito ku raba. In kin sa ƙwan daren Juma'ar nan, ki ƙirga Juma'a uku, ki je bakin gurbin da asuba ki kasa kunne.

Goggo